Ban Ci Komai Ba Tun Safe

A majalisarmu ta gindin darbejiya, tsakanin tukubar mai tsire da teburin mai shayi, akwai wani dattijo da kullum in ya iso da la'asar sakaliya, kafin ya zauna sai ya shafa ciki ya ce, "Yau fa ban ci komai ba tun safe." Mu da muke unguwa ɗaya mun san tarihin cikin nan. Da hantsi an gan shi tsugune gaban mai ƙosai. Kafin azahar ya tare yarinya mai dafaffiyar gyaɗa. Bayan an sallame ya sa an fere masa rake kara guda, ga tuƙar can a ƙofar gidansa tana ba da shaida. Duk da haka ba za ka ce ya yi ƙarya ba, domin a lissafin Bahaushe abin da ba a zuba a kwano an kwarara masa miya ba, ba ci ba ne. Tuwo shi ne ci. Shinkafa ma da ƙyar ta sami shiga. Sauran duk ƙwalam da maƙulashe ne, ba a rubuta su a littafin ciki.

Shi ya sa ba za ka taɓa jin mutum ya ce zai ci ƙwalam ba. Sai dai ya ɗan taɓa, ya ɗan motsa baki, ya lasa, ya kashe kwaɗayi, ko ya mai da mugun yawu. Kalmar "ɗan" ɗin nan tana shan wahala a bakinmu. Mutum zai zauna gaban balangun naira dubu uku, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, in ka gaishe shi ya ce, "Ɗan abin taɓawa ne." Magabata da suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, riƙe sirri suke nufi. 'Yan ƙwalam suka ji maganar, suka ɗauke ta a matsayin lasisi.

Su kansu kayan, ka saurari sunayensu ka ji ko mai hankali kwance ne ya raɗa musu. Carbin malam, wanda ba a taɓa yin tasbihi da shi ba. Hanjin ligidi. Tsami gaye. Ɗan tamatsitsi. Wainar fulawa ta zama kalallaɓa, shinkafa da wake da mai da yaji suka zama garau-garau. Awara kuwa, wadda waken suya ne zalla aka jiƙa aka niƙa aka tace, aka zuba masa ruwan tsami ya dunƙule, a wasu wuraren ƙwai-da-ƙwai ake ce mata, alhali kaza ba ta ma san da zancen ba. To in abin ci ya sami irin waɗannan sunaye, masu cinsa ba za su tsira ba. Majalisarmu ta daɗe da raɗa wa kowa nasa.

Babbansu shi ne Ɗan Ɗanɗano. Kowa ya san al'adar mai tsire: in ka tsaya a tukuba, zai yanko 'yar tsoka, ya dangwala ta a yaji, ya miƙo maka a bakin wuƙa don ka ji abin da za ka saya. Alheri ne, kuma talla ce. Ɗan Ɗanɗano ya mai da alherin nan sana'a. Zai zo da fuskar mai kuɗi, hannu ɗaya a aljihu kamar yana lalubo su.

"Sarkin Fawa, yau na sa ne ko na rago?"

A yanko masa. Ya tauna a hankali, ido a sama, kamar alƙali yana sauraron shaida. Ya ce tsokar ta ɗan yi tauri, a ba shi hanta ya ji. Hantar ta yi, amma ina ƙoda? Babban makaminsa kuwa shi ne ya yamutsa fuska ya ce, "Anya wannan ba kwanan jiya ba ne?" Nan mai nama zai harzuƙa, don an taɓa mutuncin tukuba, ya yanko wani babba daga wanda ke kan wuta ya ce, "Ci wannan ka gaya mini!" Ya ci. Ya gyaɗa kai. Ya ce lallai ya yarda, bari ya yi isha'i ya dawo. Masallacin da yake isha'in nan yana kusa da wata tukubar. Masu dabino da masu aya ma sun san shi, kuma watan azumi ne kaɗai suke hutawa da shi da rana.

Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya shi ne Ɗan Gyara. Shi yana saye, ba a ƙwace masa wannan ba, sai dai cinikin nasa ƙofa ce kawai ta shiga gyara. Ƙosan naira ɗari, sannan a fara shari'a. "Haba Iya, ba gyara?" A jefa masa ɗaya. "Wannan ai ya ƙone, canza mini." A ba shi wani, ƙonannen kuma ya riga ya wuce maƙoshi. Sai ya nuna 'yan gutsattsarin da ke yawo a gefen kasko ya ce a tsame masa su, ai zubarwa za a yi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ƙosai ya rame har yana neman komawa girman gurjiya, gyara kuma ta zama sai wane da wane, amma shi bai sami labari ba.

Sai maganar tayi, wadda ita ce ta raba mutane gida biyu. Bahaushe ba ya cin abu a gaban mutum bai ce "Bismillah" ba, kuma kowa ya san amsar: "Alhamdu lillahi, a ci lafiya." In an matsa maka ƙwarai, ka ɗauki ƙwaya ɗaya don kada a ce ka raina. Wannan yarjejeniya ce da ba a rubuta ba, da ita ake zaman lafiya. Amsa-Tayi shi ne mutumin da bai sa hannu a yarjejeniyar ba. Kana cewa "Bis..." ya riga ya jawo buta yana wanke hannu. Har da hujjarsa: wai mayar da tayi girman kai ne, kuma abincin mutum ɗaya yana isar biyu. Gaskiya ne yana isa, amma ba in na biyun ya fi na farko saurin hannu ba. Yana da hanci kuma. Ka sayi gurasa bandashe, an yayyafa mata ruwa ta yi laushi, an barbaɗe ta da ƙuli da yaji, an zuba man gyaɗa da albasa, ka zagaya bayan shago inda ko kaza ba ta bi, kana kai loma ta farko sai ka ji sallama a kanka. "A'a, ashe kana nan! Ni da nake ta nemanka." Ba ya taɓa tuna abin da ya sa yake nemanka.

Saboda irinsa ne aka sami Mai Bismillar Ƙarshe, wanda ba ya tayi sai ya ga gindin takarda, saura yankan albasa biyu da kitsen da ya daskare, sannan ya ɗago kai da mamaki ya ce, "Af, Bismillah mana!" Akwai kuma mai yin tayin a cikin maƙoshi, yadda ko wanda ke jingine da shi ba zai ji ba, don dai in an kai ƙara ya ce ya yi.

Amma gwanin gwanaye a wannan fanni shi ne Ci-a-Aljihu. Na fi shekara ina zama kusa da wani kafin in gane shi. Babbar riga yake sawa ko ana zafin bazara. Hannunsa na dama kullum yana ciki, sai jifa-jifa ya fito da shi ya shafa gemu, ya mayar. Leɓensa na motsi a hankali, mu kuma muna cewa bawan Allah ba ya rabuwa da zikiri, har mukan rage surutu don kada mu dame shi. Ashe soyayyar gyaɗa ce, wadda ya murje tun daga gida don kada ɓawo ya tona shi. Ranar da dubunsa ta cika, mai gyaɗar ba ta fito ba, ya yi kuskure ya zuba ƙuli-ƙuli, irin mai taurin nan da Sakkwatawa ke ce wa ƙarago. Ana cikin jimamin wata rasuwa, majalisa ta yi tsit, sai muka ji "ƙaras!" kamar an taka busasshen kara. Kowa ya waiwaya. Bai ko ƙifta ido ba ya ce haƙorinsa ne ke damunsa kwanan nan.

Duk waɗannan halaye tun daga firamare ake koyonsu, a lokacin tara. Wanda ya yi makarantar gwamnati ya san darajar kuɗin tara, ya san layin tallar da ke bakin ƙofa: mai alewa, mai gullisuwa, mai kantun riɗi, mai ɗanwake, mai rogo da ƙuli, da tsohuwar da ke kasa goruba da magarya da kurna. A zamaninmu wanda ya zo da Murtala guda, wato takardar naira ashirin ɗin nan da aka fara bugawa a 1977, sarki ne har a tashi, da fadawansa. A nan ake haihuwar Sammini, yaron da bai taɓa zuwa da ko sisi ba amma bai taɓa komawa aji da busasshen baki ba. "Sam mini" ita ce sallamarsa, ita ce sai-anjimarsa. A nan kuma ake haihuwar maganinsa, yaron da zai miƙo maka alewa ya dafe ta da babban yatsa, ya bar maka abin da bai kai ƙwayar gero uku ba, ya ce, "Iya nan." In ka yi zari ka ciji yatsa. Wani ma ba ya wahalar da kansa, yana saye zai lashe ta gaba da baya a gaban kowa, shi ke nan ya sa mata kwaɗo. Na ga Sammini ɗaya da ko wannan bai hana shi ba, ya ce ai a goge.

Shi kuwa yaron aike, Jangali muke ce masa. Ka ba shi kuɗin ƙosai goma, ya kawo tara, bakinsa na ƙyalli, ya rantse haka aka ba shi. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979, amma sokewar ba ta kai kan ƙunshin ƙosai ba. Ƙwararre a cikinsu ba ya rage adadi, kowanne zai ɗan gutsuri gefensa, ya kawo maka goma cif, kowanne da tabo.

In ka shiga mota daga Kano za ka Zariya, roƙi Allah kada ya haɗa ka kujera da Ɗan Taga. Tun a tasha zai yi rigima sai an ba shi gefen taga, wai amai yake ji in ya zauna a tsakiya. Mota na rage gudu a Kwanar Ɗangora ya zura kai waje: dafaffen ƙwai, soyayyar awara, ruwan leda. A Tashar Yari, ƙasar Maƙarfi, gidan rake da mazarƙwaila, sai ya sayi ɗauri guda ya ce na yara ne. Rabin cinikinsa mota na tafiya ake ƙarasa shi, yarinya na gudu da faranti a ka, shi yana ihu a jefo masa canji. Ɓawon ƙwai a cinyarka, yaji a idonka in iska ta kaɗo. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne kilishin da ya sayo a Agadasawa, an naɗe shi da kyau a takarda, tsarabar surukai. Wajen Kura zai ɗan buɗe gefe don ya ga ko bai yi sanyi ba. Daga nan sai a daidaita gefen da aka ɓalla don kada a gane. Kilishi kuwa ba ya daidaituwa. Kafin a hango Kwangila, abin da ya rage bai fi tafin hannu ba, sai ya dube shi ya ce kai wa surukai wannan ai raini ne, gara a ce ba a samu ba.

Likitan Ƙwalam bai taɓa cin abu don daɗi ba, komai magani ne. Aya, musamman ta Maraɗi, da dabino da kwakwa, ka san aikinsu, ya kashe maka ido ɗaya. Kwaɗon zogale na hawan jini ne. Ɗata na wanke ciki. Fara, irin wadda ake soyawa da yaji a Maiduguri, ta fi nama gina jiki. Na taɓa tambayarsa tsiren da ke hannunsa maganin mene ne, ya ce ba naman yake so ba, citta da masoron da ke cikin yajin yake nema, saboda sanyi. Naman abin ɗauko yajin ne kawai.

Kada mata su ce an manta da su. Akwai Hajiya Ba-na-cin-dare, wadda ta yi sallama da tuwo don tana rage ƙiba, kowa a gidan ya shaida, amma a ƙarƙashin gadonta akwai bokitin cincin da dubulan da alkaki na bikin da aka yi wata biyu da suka wuce, kuma bokitin yana ramewa ita ba ta ramewa. Akwai 'Yar Leda, wadda ba ta zuwa suna ko walima sai da baƙar leda ninke a jaka, ba ta ci a wurin, "sai na je gida," ta kuma karɓi na maƙwabciyarta da ba ta sami zuwa ba, wadda ita ma tana can ɗaya gefen rumfar tana karɓar nata. Mai juna biyu kam ba ta cikin lissafi, an yafe mata, ko da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta ce sai ɗanwake da yajin tafarnuwa. Wanda ba a yafe wa ba shi ne maigidan, da yake fita nema da fuskar wanda aka zalunta, ya sayo na mutum biyu, ya cinye rabi a zaure.

Sabon shiga a cikinsu shi ne Ɗan Taransfa. Wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, ita ta koya wa mai shayi da mai tsire karɓar kuɗi ta waya, ita kuma ta haifo shi. Sai ya ci Indomie da ƙwai biyu ya kora da shayi mai kauri, sannan ya zaro waya ya tambayi lambar asusu da murya mai ƙarfi. Ya danna, ya ɗaga wayar sama, ya juya gabas, ya juya yamma. "Ka ga, ya fita daga wajena. Netwok ne. Zai shigo." Mai shayinmu yanzu ya rubuta a jikin allo cewa sai ya ji ƙarar alat kafin ya fasa ƙwai.

Na bar santi a ƙarshe don shi ba hali ba ne, kamu ne, kuma ba wanda ya fi ƙarfinsa. Santi shi ne daɗin abu ya kwashe mutum har bakinsa ya saki maganar da ba ta da kai ba ta da gindi, ko jikinsa ya yi abin da bai aike shi ba. Shi ya sa tun muna yara aka hana mu surutu a kan abinci, ba don ladabi kaɗai ba, don kada a yi abin kunya. Masu santi iri-iri ne. Akwai mai tambaya: ana tsakiyar balangu mai zafi, ba wanda ya yi zancen tafiya, sai ya ce, "Wai jirgin ƙasan nan na Nguru, ta Ringim yake bi ko?" Akwai mai yabo, wanda zai fara da mai naman, ya wuce kan mahaifinsa, ya gangara har kan Bafillacen da ya yi kiwon san. Akwai na shiru, wanda ba ya cewa uffan, sai ido ya lumshe, ƙafa ta kama rawa, hula ta zame ta koma ƙeya, jiki ya fara karkata gefe guda. Irinsa ake yi wa ihu, "A kawo waigi!" kamar motar da aka ajiye a gangare.

Mafi hatsari shi ne mai alkawari. Akwai wani Alhaji a majalisarmu da aka kawo masa dambun nama daga gidan wani abokinmu da yake bi bashi. Loma ta uku ya ɗaga hannu ya ce, "Kuɗin nan da ke tsakaninmu, ka bar shi kawai." Muka yi kabbara. Washegari da sassafe ya aika yaro karɓar kuɗinsa. Da aka tuna masa, ya ce shi bai san an yi ba, kuma duk wanda ya kafa shaida da maganar da aka yi da dambu a baki, shi ma a bincike shi. Ƙarar ta zo gaban majalisa, aka yi kwana biyu ana muhawara, daga ƙarshe aka yanke cewa a yafe rabi, tunda loma uku kacal ya yi kafin ya yi furucin, hankalinsa bai gama tafiya ba.

Ni da nake rubuta sunayen nan ba ni da suna a ciki, don ni ke riƙe da alƙalami. Daren jiya na koma gida bayan an tashi daga majalisa, uwargida ta ajiye mini tuwon masara da miyar kuka. Na zauna na yi ajiyar zuciya na ce mata yau ban ci komai ba tun safe. Ta ce sannu. Ta ɗauki rigata za ta rataye, sai ɓawon gyaɗa ya zubo daga aljihu, tsinke guda ya biyo baya, da sauran ƙuli a jikinsa. Ta ɗaga shi a gaban fitila ta juya shi.

"Malam, wannan na sakace ne?"

Na ce mata na wani ne ya ba ni ajiya. Autanmu, da nake zaton ya yi barci, ya ɗago kai daga tabarma ya miƙo hannu ya ce, "Baba, sam mini."